Gari na cin gona, gona na cin daji

Duk sa'ad da aka tayar da zancen yadda wata ƙasa ta raba filinta tsakanin noma da daji da gari, abin da ake fara nuna wa mutum shi ne wani zane mai kama da faifai, an yayyanka shi, kowane yanki da launinsa. Kore na daji, ruwan ƙasa na gona, sai wani ɗan siriri ja can a gefe, wai shi ne birane. Na daɗe ina kallon irin wannan faifai. Ba zan ce ƙarya yake yi ba, amma yana gaya maka yawa ne kawai, ya yi gum a kan iri. Ba ya cewa wace gona ce, ba ya cewa wane daji ne, kuma ba ya nuna maka wanda ke cin rabon wani.

Ga alƙaluman dai, don kada a ce na guje su. Bisa ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tudun duniya ya kai kimanin hekta biliyan 13, in an cire Antatika da koguna da tafkuna. Noma da kiwo sun kwashe wajen biliyan 4.8, amma kashi ɗaya cikin uku na wannan ne kawai ake shukawa, sauran makiyaya ce. Daji, a rahoton 2020, hekta biliyan 4.06 ne, wato kashi 31 cikin 100, kuma fiye da rabinsa yana hannun ƙasashe biyar: Rasha, Burazil, Kanada, Amurka da Sin. Birane da ƙauyuka da tituna kuwa, gwargwadon wanda ya yi awon da abin da ya kira gari, ba su wuce kashi 1 zuwa 3 ba. Sauran hamada ce da duwatsu da sarƙaƙiya. A kan wannan ɗan siririn ne fiye da rabin mutanen duniya, da suka haura biliyan 8, ke kwana suna tashi.

Wanda ya ga haka zai ce to ina abin damuwa? Ko birane sun ninka sau biyu, ai ba su ci komai ba. Na sha jin wannan magana daga bakin masu ilimi, kuma nan ne nake rabuwa da su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Gari ba ya faɗowa daga sama ya sauka inda ya ga dama. Mutanen da suka kafa tsofaffin biranen duniya manoma ne ko masu cin abincin manoma, a zamanin da babu jirgin ƙasa babu mota, hatsi kuma nauyi gare shi. Saboda haka sun zauna ne a bakin kogi, a shimfiɗaɗɗen wuri mai laka, inda ƙasa ta fi albarka. Birnin da ya girma yau, a tsakiyar mafi kyawun gonakin yankinsa ya girma, kuma duk taku ɗaya da ya yi waje a kansu yake takawa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa 2030 faɗaɗar birane za ta cinye tsakanin kashi 1.8 da 2.4 cikin 100 na gonakin duniya. Adadin kamar ba shi da yawa. Amma kusan kashi 80 cikin 100 na asarar a Asiya da Afirka za ta faru, kuma gonakin da za a rasa suna ba da amfanin da ya kusa ninka na matsakaiciyar gona sau biyu.

Babu inda abin ya fito fili kamar Masar. A taswira ƙasa ce mai faɗi, murabba'in kilomita miliyan ɗaya. A zahiri kuwa zare ce: mutum fiye da miliyan 100 a matse a gefen Kogin Nilu da bakinsa, a filin da bai wuce 'yan kashi kaɗan na ƙasar ba, sauran rairayi. A can, duk gidan da aka gina kusa da gari, kusan a kan lakar da ta ciyar da mutane tun zamanin Fir'auna aka gina shi. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. Bayan an kammala babbar madatsar Aswan a 1970, kogin ya daina kawo sabuwar laka kowace shekara, masu gasa jan bulo suka rasa abin aiki, sai suka koma sayen saman gona daga hannun manoma. A kankare ƙasar, a gasa ta, a gina gida da ita a kan wata gonar. Sai da gwamnati ta kafa dokar hana haka a farkon shekarun 1980. Wanda ya dubi faifan Masar zai ga hamada ce ta cika shi, ya ce fili ya yi musu yawa.

Kada a ce wannan matsalar matalauta ce. Kwarin Santa Kilara a jihar Kalifoniya ta Amurka, har tsakiyar ƙarni na 20, yana cikin manyan lambunan 'ya'yan itatuwa na duniya. Yau shi ne inda kamfanonin kwamfuta da intanet suka yi sansani, Apple da Google da ire-irensu. Ba na cewa an yi asarar kuɗi, ai dukiyar da ke wurin yanzu ta ninka ta lambu ba adadi. Abin da nake cewa, ofis yana iya zama a kan tsakuwa, amma lambu ba ya iyawa, kuma ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar a yi wannan musaya. Lambu ɗaya aka sayar, sannan na kusa da shi, har aka wayi gari babu saura.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar. Abubuwan nan uku ba tsararrakin juna ba ne da za a zaunar da su a raba musu gado. Hanyar da ke tsakaninsu gangara ce. Daji na zama gona cikin rani ɗaya, da gatari da wuta. Gona na zama fuloti cikin mako ɗaya, da ma'auni da turaku. Komawa baya fa? Gonar da aka bari ta yi saura tana iya komawa daji, amma sai bayan shekaru masu yawa, kuma ba lallai dajin da ya dawo ya zama irin wanda ya tafi ba. Filin da aka zuba wa kankare da kwalta kuwa, a iya cewa ya tafi ke nan. Saman ƙasa mai rai, wanda kaurinsa bai wuce taki ɗaya ko biyu ba, yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin santimita ɗaya ta taru. Katafila na kwashe shi kafin azahar.

Kuma kuɗi a gangaren nan yake bi. Hekta ɗaya in an yanka ta fuloti-fuloti ta fi darajarta tana gona nesa ba kusa ba, haka nan tana gona ta fi kawo wa mai ita kuɗi a kan tana daji. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami. Wani Bajamushe mai gandu, Johann Heinrich von Thünen, ya zauna ya yi lissafin wannan tun 1826. Ya nuna cewa kowane fili yana faɗawa hannun sana'ar da ta fi iya biyan kuɗinsa, gwargwadon nisansa da kasuwa. Abin da ya ba ni sha'awa a zanensa shi ne inda ya ajiye daji: dab da gari, bayan masu lambu da masu madara, kafin ma gonakin hatsi. Dalili, itacen girki da na gini nauyi gare su, jigilarsu da keken doki tsada ce da ita. Wato a zamaninsa gari na bukatar dajinsa a kusa, yana kuma biya. Da gawayin ƙasa da man fetur da jirgin ƙasa suka zo, sai daji ya rasa mai tsaya masa a kasuwa, aka yi ta tura shi baya.

To idan gari ya ci gona, mutane ba sa rage cin abinci. Manomin da ya sayar, ko wani can da bai ma san an yi ba, zai je ya buɗe sabuwar gona, kuma ragowar wurin buɗewa shi ne daji da makiyaya da gangaren dutse. FAO ta ce daga 1990 zuwa 2020 an sare daji hekta miliyan 420, kuma a wani bincikenta na tauraron ɗan'adam da ta fitar a 2021 ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na sarar daji faɗaɗa noma da kiwo ne ke jawo ta. Ba duka ne laifin gari ba, zan zo kan wannan. Amma tun da sabuwar gonar ba ta kai tsohuwar kyau ba, hekta ɗaya da aka binne a bakin birni tana iya jawo sarar biyu a wani wuri. A faifan nan kuwa, yankin noma zai nuna bai ragu ba. Ya ma ƙaru. Kowa ya kwanta da murna.

Ƙasar Sin ta fi kowa ɗaukar lamarin da gaske, don ita ce ke ciyar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya da ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na gonakin duniyar, kuma ba ta manta da yunwa ba. A 2006 ta ja abin da ta kira jan layi: gonakin ƙasar ba za su yi ƙasa da hekta miliyan 120 ba. Akwai kuma ƙa'idar cewa duk wanda ya ci gona don gini sai ya samar da wata a madadinta. A takarda, tsari ne mai kyau. A aikace, an yi ta cin dausayin shinkafa a kudu da gabas, inda ake girbi biyu ko uku a shekara, ana biya da sabon fili a arewa da yamma, inda ruwa ya yi ƙaranci, sanyi ya yi yawa. Jimilla ta tsaya daram, inganci ya zube. Mahukuntan ƙasar da kansu suka lura, suka ƙara sharaɗin cewa madadin ya zama daidai a inganci, suka kuma ware wasu gonaki da ba a taɓa su sam. Darasin da na ɗauka shi ne, da zarar ka ba ma'aikaci lamba ka ce ya tsare ta, zai tsare lambar, ko da abin da lambar ke wakilta ya lalace.

Ban ga laifin manomin da ya sayar ba, kuma ina jin haushin masu zaginsa daga cikin gidajen da aka gina a gonar wani manomin. Mutumin da gari ya iso bakin gonarsa, ana satar amfaninsa, shara na malalowa, maƙwabtansa duk sun sayar, dillali kuma ya zo masa da abin da ba zai tara ba ko ya yi noman shekara talatin, me ake so ya ce? Ya tsare wa al'umma abincinta shi kaɗai, da yunwar 'ya'yansa? Kowane ɗaya daga cikin masu sayarwar nan ya yi abin hankali. Idan aka tara hankulan nasu wuri ɗaya ne ake samun wauta, kuma irin wannan shi ne aikin da aka kafa hukuma dominsa.

Shi kuma daji, matsalarsa ta fara ne tun daga suna. A ma'aunin FAO, fili ya zama daji in ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa. Da wannan ma'auni, kurmin da ya shekara dubu da itace iri ɗari-ɗari, da gandun turare da aka jera layi-layi shekara takwas da suka wuce don yin takarda, duk launi ɗaya suke samu a faifai. Ƙasa na iya sare na farko ta shuka na biyu, ta fito ta ce dajinta bai ragu ba. Ba na raina shuka itace, katako dole ne, kuma gara a samo shi daga gandu da a samo shi daga kurmi. Amma a kira kowanne da sunansa.

Abin da ya sa ake yi wa daji kallon filin da ke jiran mai amfani shi ne aikinsa ba ya zuwa kasuwa. Yana riƙe ƙasa a gangare, yana tsotse ruwan sama ya sake shi a hankali, ya sa rafi ya kai rani bai ƙafe ba. Ba ya aiko da takardar biya, sai ranar da aka kawar da shi. Suwizalan ta kafa dokar dajinta ta 1876 ne bayan mummunar ambaliyar 1868. Sin ta hana sarar dazuzzukan saman Kogin Yangtze ne bayan ambaliyar 1998 da ta kashe dubban mutane, kuma a shekarar da ta biyo ta fara biyan manoma hatsi da kuɗi don su bar noman gangare mai tsauri su mayar da shi itatuwa. Duka biyun ihu ne bayan hari, ko da yake ihun ya yi amfani. Birnin New York ne ya ɗan yi dabara: a 1997 ya ƙulla yarjejeniya da mutanen tsaunukan Catskill, inda mafi yawan ruwan shansa ke fitowa, yana sayen fili yana tallafa wa manoma su kiyaye rafuka, maimakon ya gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli. Ba don son tsuntsaye ya yi ba, lissafi ya yi.

Dokin mai baki ya fi gudu. Mai gini yana da lauya, manomi yana da ƙuri'a, daji ba shi da ko ɗaya. In ma akwai masu zama a cikinsa, galibi su ne mafi ƙarancin murya a ƙasarsu.

Akwai wata yaudara kuma da ta fi ta suna girma. Ana yawan kawo misalin ƙasashen da dajinsu ya dawo, kuma gaskiya ne ya dawo. Dajin Faransa ya kusa ninka abin da yake a farkon ƙarni na 19. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da daji kusan kashi 5 cikin 100, ta kafa hukumar gandun daji a 1919, yau tana da 13. Koriya ta Kudu ta lulluɓe tsaunukanta da suka yi sanƙo, da gagarumin shirin da ta ƙaddamar a 1973. Japan kuwa kashi biyu cikin uku nata daji ne, gona ba ta wuce kashi 12 ba. Madalla. Sai dai Japan ɗin nan kusan kashi 38 cikin 100 kawai na abincin da take ci take nomawa, in an auna da kuzarin da ke cikinsa, kuma a farkon shekarun 2000 katakon gida bai kai kashi 20 na abin da take amfani da shi ba. Sauran gonakinta suna nan, a Amurka suke da Burazil da Ostireliya. Waken suyar da dabbobin Turai ke ci, da manjan da ke cikin sabulu da biskit, wanda Indunusiya da Malesiya ke samar da mafi yawansa, da kokon cakulan, duk fili ne da aka ci a wata ƙasa aka rubuta a faifanta. Mai koren faifai yana wa'azi, mai faifai ruwan ƙasa yana shan zargi, alhali jirgi ɗaya ne ke kai kaya tsakaninsu. Tarayyar Turai ta amsa wannan laifi da kanta lokacin da ta yi dokar 2023 mai hana shigo da kayan da aka noma a sabon saran daji.

A nan ne masu cewa nama ne matsala ke shigowa, kuma suna da hujja. In aka haɗa makiyaya da gonakin da ake noma abincin dabbobi, sun kai kashi uku cikin huɗu na filin noma da kiwo na duniya, alhali abin da suke bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin abincinmu ba. Amma ina so a bambanta. Saniyar da aka sare kurmin Amazon don ta yi kiwo daban, wadda ke bin busasshen fili da ba ya karɓar garma daban. Mafi yawan makiyayar duniya ba ta nomuwa, bakin dabba ne kaɗai hanyar mayar da ciyawarta abinci. Wanda ya haɗa su a lissafi ɗaya ya sake faɗawa tarkon faifai.

To me nake so a yi? Ina so kowace ƙasa ta daina tambayar kashi nawa, ta fita ta auna wanne ne. Ta san gonakinta na sahun gaba ɗaya bayan ɗaya, ta san dazuzzukan da ruwanta ke fitowa daga cikinsu da waɗanda ba a taɓa sarewa ba, ta zagaye su da layi a taswirar da kowa zai iya gani, ta sa cire fili daga cikin layin ya zama abu mai wuya, wanda sa hannun mutum ɗaya a ofis ba ya isa. Suwizalan ta yi haka tun 1992: ta ware kimanin hekta 438,000 na mafi kyawun gonakinta, ta raba wa kowace jiha kasonta da za ta tsare. Dalilina ɗaya ne. Idan kuskure biyu ne a gabanka, ɗaya ana gyara shi ɗaya ba a gyarawa, ka jingina ga wanda ake gyarawa. Filin da ka hana ginawa bana kana iya sakinsa baɗi in ka ga ka yi tsauri. Wanda ka bari aka gina ba ka da ta cewa a kansa kuma.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ƙaramar amsa ba ce: mutane su kwana a ina? Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 kashi 68 cikin 100 na mutane a birane za su zauna, ƙarin mutum biliyan 2.5, kusan dukkansu a Asiya da Afirka. Ingila ta ɗaura wa biranenta koren ɗamara, wato zoben fili a kewayen gari da aka hana gini a kansa, ta Landan tun dokar 1938, sauran bayan 1955, har ta kai kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙasar. Filin ya tsira. Amma gidaje sun yi tsadar da matasa ba sa iya saye, ginin kuma ya tsallake ɗamarar ya sauka a bayanta, mutane na tafiyar awa guda zuwa aiki. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ga wanda ya riga ya mallaki gida, ɗamarar nan alheri ce, tana ƙara wa gidansa daraja, yana kuma kiran kansa mai kishin muhalli. Wanda bai mallaka ba shi ke biya.

Ban ɗauki wannan hujjar rushe layi ba. Na ɗauke ta hujjar cewa layi bashi ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka hana gari tafiya gefe, wajibi ne ka bar shi ya tafi sama, ka bar shi ya cike kangwayensa da filayen da masu kuɗi suka katange suna jiran farashi ya tashi. Kuskuren Ingila ba ɗamarar ba ce kaɗai, hana gini a cikin garin da ɗamarar ta zagaye ne ma. Wani masanin tsara birane, Alain Bertaud, ya kwatanta birnin Atlanta na Amurka da Basalona na Sifaniya a 1990: yawan mutanensu kusan ɗaya, tsakanin miliyan biyu da rabi da uku, amma filin da Atlanta ta shimfiɗu a kai ya ninka na Basalona fiye da sau 20. Ba wanda zai ce mutanen Basalona a kurkuku suke. Ashe ba yawan jama'a ne ke cin ƙasa ba, yadda aka zaunar da su ne. Kuma inda dole gari ya faɗaɗa, don dole zai faɗaɗa, hukuma ta riga shi zuwa: ta shata titi, ta ja ruwa da wuta zuwa ɓangaren tsakuwa da jigawa, tun kafin mutane su yanka dausayi da kansu. Gini titi yake bi. Wanda ya zaɓi inda kwalta za ta bi ya gama zaɓar gonar da za ta mutu, ko ya sani ko bai sani ba.

Bashi na biyu na manomi ne da mai daji. In doka ta ce gonarka ba ta fuloti ba ce, ta zare maka dukiya daga aljihu don amfanin kowa, maƙwabcinka da layi bai hau kansa ba kuma ya zama attajiri dare ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Adalci shi ne a ɗebi wani abu daga ribar wanda aka sakar wa, a saka wa wanda aka ɗaure, ko da sauƙin haraji, ko da ruwan noman rani, ko da kuɗi a hannu. Kosta Rika, wadda dajinta ya zube ƙwarai zuwa shekarun 1980, ta yi doka a 1996 da ta hana mayar da daji gona, ta kuma haɗa da biyan masu fili kuɗin tsare itatuwansu daga harajin man fetur. Yau daji ya rufe fiye da rabin ƙasar. Hani da biya tare suka tafi. Su kuma mutanen da aka tarar a cikin daji, tarihin gandun gwamnati cike yake da korarsu da sunan kiyayewa, daga baya a ba kamfani lasisin sara. Indiya sai a 2006 ta yi dokar da ta amince da haƙƙinsu. Layin da aka ja da bakin bindiga a kan masu wuri, su ne za su fara share shi da dare.

Akwai masu cewa a bar duk wannan, a ƙara yawan amfanin gona kawai, da iri mai kyau da taki da ban ruwa, daji zai tsira da kansa. Rabin gaskiya ce. Ba don ƙaruwar amfanin kowace hekta tun shekarun 1960 ba, da dajin da ya rage yau bai kai haka ba. Amma noman da ya fi riba yana kuma ƙara kwaɗayin buɗe sabuwar gona, in ba mai tsarewa. Burazil ta nuna haka ta fuska biyu. Dokarta ta ce mai fili a kurmin Amazon ya bar kashi 80 cikin 100 a daji, amma doka ta daɗe tana barci. A 2004 an sare kusan murabba'in kilomita 27,800. Da aka sa tauraron ɗan'adam yana gadi, aka fara cin tara da hana bashin banki, manyan 'yan kasuwa kuma suka daina sayen waken suya daga sabon sara a 2006, adadin ya faɗo zuwa kimanin 4,600 a 2012, noma kuma bai daina bunƙasa ba. Da aka sassauta, ya koma wajen 13,000 a 2021. Wani kaso na sarar ma ya zame ne zuwa dajin Serado, inda doka ta fi sauƙi kuma idon duniya bai kai ba.

Abu na ƙarshe da zan nema ƙarami ne, ba ya bukatar sabuwar ma'aikata: a riƙa ƙirgawa ana faɗa. Ba jimillar da ke cikin faifai ba, abin da ya sauya hannu bana, daga wane aji zuwa wane, a wace gunduma, da izinin wa. Faransa ta sa a dokarta ta 2021 cewa za ta rage cin sabon fili da rabi cikin shekara goma, zuwa 2050 kuma duk filin da aka rufe da gini sai an buɗe kwatankwacinsa, kuma tun daga lokacin magadan gari ke ta kai ƙorafi ana sassautawa. Jamus ta fi burge ni, don ta mayar da abin lissafin yini. Wajen shekarar 2000, gini da tituna na cin fiye da hekta 120 kowace rana a ƙasar, hekta ɗaya kuwa ta ɗara filin ƙwallo. A 2002 gwamnati ta ce zuwa 2020 za ta mayar da shi 30. Tun kafin shekarar ta zo aka ɗaga wa'adin zuwa 2030, ta kuma zo ta wuce ana wajen 50.